Silikin da Ake Yi da Itace

Jama'a, ku sani ba kowane yadi mai sheƙi ne siliki ba. Zaren auduga kusan dukansa wani sinadari ne da ake kira selulos, shi ne kuma ƙashin jikin itatuwa.

A shekarar 1892 waɗansu masana uku na Ingila, Cross da Bevan da Beadle, suka gano dabarar fitar da zare daga itace. Akan niƙa itacen, a jiƙa shi a ruwan soda, a ƙara wani magani har ya narke kamar zuma. Sa'an nan a matso shi ta ƙananan kafofi cikin ruwan asid, ya daskare ya zama zare. Sunansa reyon.

To, ga abin lura biyu. Auduga in ta jiƙe ƙarfinta ƙaruwa yake yi, amma reyon rauni yake yi, saboda haka kada a murɗe shi ko a buga shi wajen wanki. In kuwa mai kanti ya ce siliki ne, a zaro zare ɗaya a ƙona. Siliki ƙaurin gashi yake yi, reyon kuwa na takarda. Wanda ya kiyaye wannan, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba.