Kusufin Rana da Yaƙe-yaƙen Mutanen Da

A cikin darasin Tarihi na wannan zango mun iske labarin wani yaƙi wanda ba takobi ya raba shi ba, duhu ne. Muka ga ya kamata mu tsakuro shi a nan, gama akwai abin koyo ciki ga duk wanda zai tsaya gaban yara.

A ƙasar da yau ake kira Turkiyya, Aliyatis Sarkin Lidiya da Kiyaksaris Sarkin Midiya suka yi shekara biyar suna gwabzawa, yau wannan ya rinjaya, gobe wancan. A shekara ta shida, ana tsakiyar faɗa, sai rana ta dushe, yini ya koma dare. Mayaƙa suka saki makamai, suka ce alloli sun yi fushi. Aka yi sulhu, Aliyatis ya aurar da 'yarsa ga Astiyagis ɗan Kiyaksaris, kogin Halis ya zama iyaka tsakaninsu. Hirudutus, marubucin Yunanawa, shi ya ba da labarin, har ya ce wani masani, Talis mutumin Milatus, ya riga ya faɗi shekarar da abin zai auku. Masana taurari sun ƙirga baya, sun sami kusufin ya faɗo ran 28 ga Mayu, shekara ta 585 kafin haihuwar Annabi Isa.

To, ba kullum tsoron nan ke haifar da alheri ba. A shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa rundunar Atina tana kewaye da birnin Sirakus, a tsibirin Sisili. Ciwo ya addabe su, suka shirya jirage za su sulale gida. Ran 27 ga Agusta da dare sai wata ya yi husufi. Nikiyas, shugaban yaƙinsu, mutum ne mai camfi ƙwarai, ya tambayi masu duba, suka ce a dakata kwana 27. Kafin su motsa, mutanen Sirakus suka toshe bakin mashigar jirage, suka fasa rundunar. Aka kashe Nikiyas, aka zuba kamammu wajen 7,000 cikin ramummukan fasa dutse. Atina ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba.

Ga kuma na uku. A shekara ta 331, ran 20 ga Satumba, wata ya yi husufi sa'ad da Iskandar Sarkin Makidoniya ke neman Dariyus Sarkin Farisa. Mai dubansa ya ce alamar faɗuwar Farisa ce, sojoji suka sami ƙarfin zuciya. Bayan kwana 11 aka haɗu a Gaugamela, kusa da Mosul ta yanzu, Dariyus ya gudu.

Mai karatu ya duba da kyau. Alama iri ɗaya, a nan ta kawo sulhu, can halaka, can kuma nasara. Ashe ba abin da ke sama ya juya yaƙe-yaƙen nan ba, fassarar da mutane suka yi masa ce. Kusufin da ya duhunta Lidiya shi ya duhunta Midiya, husufin da Nikiyas ya gani mutanen Sirakus ma sun gan shi. In da taurari ke raba nasara, wa suka zaɓa, alhali duka biyu suna ƙarƙashinsu?

Asalin abin kuwa ga shi. Wata na kewaya duniya, duniya na kewaya rana. In wata ya gitta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo mana, shi ne kusufin rana, don haka ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata. In duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta rufe wata, shi ne husufi, sai wata ya cika. Abin da ya hana su aukuwa kowane wata shi ne hanyar wata ta ɗan karkace daga ta duniya. Mutanen Babila tun da daɗewa sun gane abin yakan maimaitu bayan shekara 18 da kwana 11. Abin da ake iya lissafa ranarsa tun kafin a haifi sarakunan da za su yi yaƙi, ƙaƙa zai zama saƙo game da yaƙinsu?

Mu kam an riga an hutasshe mu tun muna makarantar allo. Ran da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina cikin shekara ta 10 ta Hijira, rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Annabi ya hana su faɗin haka, ya nuna musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba su dushewa don mutuwar wani ko haihuwarsa, ya umurce su da salla da addu'a.

Saura aikinmu. Ran da muka ji yara suna buga gwangwani suna cewa rana ta kama wata, kada mu yi musu dariya. Mu samo fitila, da ƙwallo, da goruba, mu rufe tagogin aji, mu gitta gorubar tsakanin fitila da ƙwallo, su ga inuwa da idonsu. Mu kuma gargaɗe su kada su dubi rana ido da ido lokacin kusufi, gama tana makantarwa. Sa'an nan mu ba su labarin Nikiyas.