Ka tanadi tankin jinya tun kifinka yana lafiya

Sana'ata ita ce haɗa tankunan kifin ado na ruwan gishiri da kula da su a gidaje da ofisoshi da otal-otal. Kiran da ya fi sosa mini rai shi ne na wanda ya ga farin ɗigo a jikin kifinsa, ya sayo magani ya tuttula a babban tanki, gari na wayewa ya tarar jatan lande da dodon koɗi sun mutu, murjani kuma ya fara lalacewa. Ƙaramin tanki guda, wanda muke kira tankin jinya, zai hana wannan asara. 'Yan'uwa masu wannan kiwo, don Allah ku karanta, ku isar wa wasu.

Maganin da aka fi dogara da shi a kan ƙwayoyin da ke kama fatar kifin teku yana ɗauke da sinadarin tagulla. Tagulla guba ce ga murjani da jatan lande da dodon koɗi. Duwatsu da yashin tanki kuma suna shanye ta, sai ƙarfin maganin ya ragu a cikin ruwa, daga baya su riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake fitar da kifi a yi masa jinya a wani wuri daban.

Kayan ba su da yawa. Tanki mai cin lita 40 zuwa 80 ya ishi ƙananan kifaye. A bar ƙasansa fili, ba yashi ba dutse, domin a riƙa ganin kashi da ragowar abinci ana zuƙewa. A jefa guntayen bututun roba don kifi ya samu maɓoya, saboda tsoro yana hana shi cin abinci. A sa murfi, a rage haske, a ajiye abin auna zafi, ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26. Gishirin ya yi daidai da na babban tanki, wajen 1.025 a ma'auni. Raga da tiyo da bokiti su zama nasa shi kaɗai, a kuma nisanta shi da babban tanki, don feshin ruwa ma yana ɗaukar cuta. A inda ake yawan ɗauke wuta, famfon iska mai batir wajibi ne, domin kifin da numfashi ke yi wa wuya ba ya jure tsayawar iska.

Abin da ya fi kashe kifi a sabon tanki shi ne amoniya, gubar da ke fitowa daga jikinsa da kashinsa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke cinye ta, su kuwa sai sun yi makonni kafin su yawaita. Don haka a ajiye soson tace ruwa a cikin babban tanki na wata guda ko fiye, yana jiran ranar buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan jinya ta fara, a auna amoniya kullum, a kuma ajiye haɗaɗɗen ruwan gishiri na canji.

Kafin a sa magani, a gane cutar. Farin ɗigo mai kama da ƙwayar gishiri aikin ƙwayar cuta mai suna Cryptocaryon ne. Idan jikin ya yi kamar an barbaɗa masa hoda, kifin yana haki yana neman inda ruwa ke gudu, to Amyloodinium ne, wanda ke iya kashewa cikin kwana biyu. Rage gishiri zuwa 1.009 yana maganin na farko, amma ba ya taɓa na biyu. Tsutsar fata kuwa maganinta praziquantel. Wanda zai yi amfani da tagulla ya cire gawayin tace ruwa, ya ƙara maganin a hankali, ya riƙa aunawa kullum da abin gwajin da ya dace da irin wadda ya saya. Cupramine, alal misali, ana tsayar da shi a miligiram 0.5 a kowace lita. Idan ya gaza, cutar za ta tsira. Idan ya zarce, kifin zai mutu. Kada kuma a haɗa shi da magungunan ɗaure amoniya, domin haɗin yana ƙara wa tagullar dafi.

Ga inda na fi son a lura. Farin ɗigo yana ɓacewa da kansa bayan kwana 3 zuwa 7, sai mai kifi ya ɗauka an warke. A gaskiya ƙwayar ta sauka ƙasan tanki ne, ta shige ƙwanso tana hayayyafa, kuma tana iya kaiwa kwana 72 kafin 'ya'yanta su fito neman kifi. Saboda haka duk kifin da ke babban tanki sai ya koma tankin jinya, har da masu kamar lafiya, a bar babban tankin babu kifi na kwana 76 domin cutar ta rasa abin kamawa ta mutu.

Shawarata ta ƙarshe: kowane sabon kifi ya fara yin wata guda a wannan tanki ana lura da shi kafin ya shiga cikin sauran. Dabbar da muka rabo da teku muka tsare a gilashi amana ce a hannunmu, kuma kuɗin tankin jinya sau da yawa bai kai na kifi ɗaya mai tsada ba. Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana.