Amsoshin Tambayoyinku: Ɗaki Cike da Kaya, Wuya Cike da Bashi

Tambaya: Ni uwa ce a Sagnarigu, koko da ƙosai nake sayarwa. Kabad ɗina cike yake da kwanukan samira da tukwane da kuloli, a akwati kuma akwai turamen atamfa da ko tela bai gani ba. Da yawansu da bashi na saye su. Mai shago yana bina, ƙungiyar adashinmu tana bina, ga kuma rancen da na karɓa ta waya. Bikin 'yata ya matso. In na sayar da kaya a ce na talauce, in na ƙaro bashi barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya yaye miki. Ki kwantar da hankalinki, bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Tara kwanuka da atamfa ba wauta ba ce. Iyayenmu mata sun daɗe suna adana dukiyarsu a cikin kayan ɗaki, kuma suna da hujja. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, wadda ta ɓoye sidi a ƙarƙashin katifa ta ga yadda ya zube. A 2019 kuma Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance 347 a lokaci guda, mutane da yawa suka sha wuya kafin su ga kuɗinsu. Amma wannan hujja tana aiki ne a kan abin da kika saya da kuɗinki. Kwanon da aka ɗauko da bashi mai ruwa yana zaune cikin kabad yana tsatsa a baki, kuɗin da ake bin ki a kansa kuwa kullum ƙaruwa yake.

Fara da takarda da biro. Rubuta kowane bashi: wa ke bin ki, nawa ne, yaushe za a biya, nawa ake ɗorawa in an makara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ake ɗora wa ruwa ko tara, kamar na waya, shi za ki fara kashewa. Mai shago kuma ki je masa da ƙafarki, ku yanka abin da za ki riƙa kai masa duk mako, komai ƙanƙantarsa.

Daga nan ki zaɓi rana ki fito da komai tsakar ɗaki, ki kasa uku. Kashi na farko abin da hannunki ke taɓawa kullum: tukunyar koko, kaskon suya, kwanukan cin abinci, zannuwan sawa. Na biyu sababbin da ba a taɓa amfani da su ba. Daga cikinsu za ki cire wa amarya nata, ba sai kin sake shiga kasuwar Aboabo ba. Na uku ragowar, a sayar, kuɗin ya wuce kai tsaye wurin masu bin ki kafin ya kwana a hannu. Turmin da ba a yanka ba ya fi riƙe farashinsa, da shi za ki fara. In kina jin nauyin a gan ki, dillaliya mai amana ta isa. Abin da ba zai sayu ba, ki ba mabuƙata.

Batun biki shi ne mai nauyi. Daga wannan yanki namu 'yan mata da yawa ke tafiya Accra da Kumasi ɗaukar kaya a ka, wasunsu don tara kayan aure kawai. Mu iyaye ne muka ɗaga wannan ma'auni, mu ne kuma za mu sauke shi. An ruwaito cewa kayan da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Nana Faɗima ba su wuce mayafi da salkar ruwa da matashi ba. An kuma ruwaito cewa ya dakata da sallatar gawar wani mutum saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ki duba wanne ya fi cancanta ki ji tsoro, bakin maƙwabta ko haƙƙin mutane.

Ki zauna da maigida da 'yarki da wata babba a dangi, ki gaya musu gaskiyar abin da ke hannunki tun kafin ranar bikin ta zo. Anko in ya zama dole, a tsaya a guda. Masu magana za su yi ta mako ɗaya ko biyu su koma harkokinsu, babu wadda za ta taya ki biya. Idan kika sauke bashin, zubin da kike yi a adashi ya koma jarin wake da mai da gero, domin sana'ar ce ke ciyar da gidan. Allah ya sanya albarka a auren, ya rufa mana asiri baki ɗaya.