Rarraba Tatsuniyoyi Kamar Yadda Ake Rarraba Tsirrai

Masana ilmin halittu sun daɗe da sanin cewa tara samfuri daban, tsara shi daban. Ɗakin adana busassun tsirrai da ba a rarraba kayan cikinsa ba bai wuce rumbun ciyawa ba. Haka abin yake ga ƙungiyar ɗalibai da malamai da ke tattara tatsuniyoyi a kundi ɗaya, a takarda ko a kwamfuta, kowa yana ƙara abin da ya samo. Tsofaffin da suka haddace tatsuniyoyi suna ƙarewa, saboda haka tattarawar ta zama tilas. Amma idan babu tsari, wanda ya zo neman misali zai rasa shi ko da yana cikin kundin.

Tushen Tsarin

A shekarar 1753 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fitar da littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu. A 1910 Antti Aarne na ƙasar Finlan ya yi wa tatsuniyoyi makamancin wannan aiki, ya ba kowane nau'i lamba. Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa tsarin a 1928 da 1961, sannan Hans-Jörg Uther na Jamus ya sabunta shi a 2004. A wannan tsari, lamba 1 zuwa 299 na tatsuniyoyin dabbobi ne.

Labarin Gizo da 'yar danƙo, inda ɓarawon gona ya mari mutum-mutumi hannunsa ya manne, shi ne lamba 175. Akwai irinsa a wajen Ashantawa na Gana, inda Ananse yake matsayin Gizo, akwai kuma a kudancin Amurka, inda zomo ne ya manne. Labarin 'yar bora mai ladabi da 'yar mowa mai tsiwa kuwa ya dace da lamba 480.

Ƙa'idoji Huɗu

Na farko, a rubuta ma'anar kowane salo kafin a jera misalai. Cewa "labarin wayo" bai wadatar ba. Sai a ce: ƙaramar dabba ta yaudari babba ta hanyar kwaɗayin babbar.

Na biyu, a zaɓi misali guda a sa shi a gaba. Idan masani ya raɗa wa sabon tsiro suna, yakan ajiye samfuri ɗaya wanda sunan ya rataya a kansa, kuma gare shi ake komawa idan gardama ta taso. Misalin da za a fifita shi ne wanda siffofin salon suka fi bayyana a cikinsa, ko da ba shi ya fi farin jini ba.

Na uku, kowane misali ya zo da takardar shaidarsa: garin da aka ji shi, shekara, da wanda ya rubuta. Idan daga littafi ne, kamar tarin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, a faɗi shafi. A kuma ƙara jimla ɗaya mai nuna inda salon ya fito a labarin, domin sunan tatsuniya kaɗai ba hujja ba ne.

Na huɗu, a tuna kama da wane ba ta wane. Jemage da tsuntsu duk suna da fiffike, amma jemage yana haihuwa yana shayarwa. Haka nan fitowar Gizo a tatsuniyoyi biyu ba ta mai da su nau'i ɗaya. Abin dubawa shi ne jerin aukuwar al'amura. Vladimir Propp na Rasha ya nuna haka a 1928, da ya gano matakai 31 masu maimaituwa a tatsuniyoyin al'ajabi na ƙasarsu, duk da sauyawar taurarin.

Aikin Aji

Kowane ɗalibi ya rubuto tatsuniya ɗaya daga gida tare da takardar shaidarta. Malami ya raba aji rukuni-rukuni, su ware tatsuniyoyin bisa jerin aukuwa, su zaɓi misalin gaba na kowane kashi, su kare zaɓinsu da hujja. Tatsuniyar da ta ƙi shiga kowane kashi a keɓe ta, kada a cusa ta da ƙarfi, domin ta irin wannan samfuri ake gano sabon nau'i.