Yadda ake gano abin da ya kashe gejin tsohuwar Fijo

Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Wadda ta rage a hannun mutum yau ta tsufa, wayoyinta sun sha rana, sun sha ƙura da hannun masu rewaya iri-iri. Don haka in ka wayi gari allurar mai ta kwanta, ko ta zafin inji ta ƙi motsi, kada ka yi saurin tafiya kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa neman wani dashbod. A yawancin lokuta gejin lafiyarsa ƙalau, hanyar wutarsa ce ta lalace.

Abu uku geji yake buƙata: wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, wayar da ke kawo masa labari daga tanki ko daga kan inji, da kuma hanyar komawar wuta ta jikin ƙarfen motar. Kayan aikin ba su da yawa: fitilar gwaji, guntuwar waya, samfefa, sai mita in akwai.

Fara da kallo kafin ka taɓa komai. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. In duka allurai sun mutu tare, har da jajayen fitilun batir da na baƙin mai, to matsalar ɗaya ce, kuma fis ne farkon abin zargi. Kada ka yarda da idonka, domin fis yana iya zama bai ƙone ba amma tsatsa ta cinye bakinsa. Sa fitilar gwaji a gefensa biyu, duka su kama. In ka tarar an naɗa silin waya a madadin fis, cire shi nan take, irin wannan dabarar ce ke ƙona mota. Agogon gudu kuwa bar shi gefe, igiya ce ke juya shi daga giya, ba ruwansa da wuta.

In allura ɗaya ce ta mutu, je ka inda labarinta ke fitowa. Na zafi wani ɗan ƙarfe ne da aka ɗaura a kan inji, da waya a kansa. Yana ƙara ɗumi yana ƙara barin wuta ta wuce, shi ya sa allura ke hawa. Zare wayar, ka sa wani ya zauna yana kallon dashbod, makulli a kunne, sannan ka taɓa bakinta a jikin inji. In allura ta tashi zuwa ja, geji da waya sun wanke kansu, wannan ɗan ƙarfen ne ya mutu. Taɓawa kawai za ka yi ka ɗauke, in ka jima kana iya ƙona gejin. In kuma ba ta motsa ba, maimaita gwajin a bayan dashbod da guntuwar wayarka. Ta motsa a nan? To wayar ta katse a hanya, galibi inda ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da ɗaki.

Wani kuskure da na sha gani: a sayo sabon ɗan ƙarfen zafin, a naɗe zarensa da farin tef na masu famfo don kada ruwa ya ɗiga. Ta wannan zaren yake haɗuwa da jikin inji, tef ya raba su, allura ta ci gaba da barcinta, a ce kayan jabu ne.

Gejin mai ma haka ake masa, sai dai a nan a yi hattara. Cire wayar daga saman tanki, ka ja ta nesa kafin ka taɓa ta a ƙarfe, don tartsatsi da tururin fetur ba sa shiri. Allura ta tafi ƙarshe ɗaya in an zare, ta koma ɗaya ƙarshen in an taɓa. In ta yi haka, cire kan batir sannan ka fito da na'urar tankin. Girgiza ƙwallon da ke yawo a kan mai kusa da kunnenka. In ka ji mai yana motsi a ciki, ya huje ya nitse, shi ya sa kullum take cewa tanki ya bushe. In allurar tsalle take yi a wani wuri, siririn zaren da hannun ƙwallon ke gogawa ne ya cinye a nan.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce allura mai ƙarya. Ka kunna fitilun gaba, sai zafi ya hau. Ka sa sigina, allurar mai ta kama rawa. Mutum ya tsorata, ya wanke lagireto, har ya kai ga buɗe kan inji, alhali baƙar wayar da ke haɗa dashbod da bodi ce ta saki. Wutar fitilu ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta cikin geji. Ɗauki waya daga kan batir mai alamar ragi, ka kai ta inda baƙar wayar ta shiga dashbod. In allura ta natsu, kwance notin da ya ɗaure baƙar wayar a bodi, ka goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Duba kuma kakkaurar wayar da ke tsakanin inji da bodi.

Tsofaffin motocin Ingila, irin Land Rover, suna da ƙarin abu guda: ɗan akwati a bayan dashbod mai rage wuta zuwa bolt 10. In ya lalace, allurai biyu kan hau tare ko su mutu tare.

Kafin ka rufe, auna batir. Wajen bolt 12.6 ake so in inji na kashe, kusan 14 in yana aiki. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan ka kwance gejin, ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, don geji da na'urarsa sai sun zo iri ɗaya suke faɗin gaskiya.