Yadda Ake Rubuta Matsayin Yatsu A Kan Sarewa

Mai karatu ya sani cewa mabusan sarewa na ƙasarmu, musamman Fulani makiyaya, da kunne da ido suke koyon busa. Yaro yakan zauna gaban babba, ya saurara, ya lura da yatsunsa, sa'an nan ya kwaikwaya. Amma idan gwani ya rasu bai bar magaji ba, sai a binne shi tare da takensa. Na'urar ɗaukar murya tana adana amo, amma ba ta nuna yatsan da ya fitar da shi. Saboda haka ne wannan darasi zai bayyana hanyar rubutawa mai sauƙi, wadda ba ta bukatar kome sai takarda da fensir.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1511 wani Bajamushe mai suna Sebastian Virdung ya buga littafin kiɗa a birnin Basel, inda ya nuna matsayin yatsu a kan wata sarewar Turawa mai kafofi 8.

Abin Da Ke Sauya Amo

Iskar da ke cikin sarewa ita ce ke yin amo. Idan aka toshe dukan kafofi, iskar takan bi tsawon sarewar duka, amon ya yi kauri. Duk kafar da aka buɗe daga ƙasa tana rage wannan tsawo, amon ya ƙara siranta. Ashe ke nan, wanda ya rubuta kafofin da aka toshe da waɗanda aka buɗe, ya rubuta amon.

Yadda Ake Yin Zanen

Mu ɗauki sarewa mai kafofi 4, irin wadda aka saba gani.

1. A zana da'ira 4 a jere daga sama zuwa ƙasa. Ta sama ita ce kafar da ke kusa da baki.
2. Kafar da yatsa ya toshe, a cike da'irarta da baƙi.
3. Wadda aka bari a buɗe, a bar da'irarta fara.
4. Wadda aka toshe rabinta, a cike rabin da'irar.

Jeri ɗaya amo ɗaya ne. Ana karanta jere-jeren daga hagu zuwa dama, kamar rubutun boko. Kafofi 4 suna iya ba da tsari 16 na toshewa da buɗewa, ko da yake mabushi ba ya aiki da su duka.

Hanyar Taƙaitawa

Wanda ya saba da zanen yana iya komawa ga lambobi. Lamba tana nufin yawan kafofin da aka toshe, ana ƙirgawa daga sama: 4 na nufin duka a toshe, 0 kuwa duka a buɗe. A sa gajeren layi bayan lamba idan za a ja amon, ɗigo a kanta idan za a ƙara ƙarfin busa don amon ya hau sama, waƙafi kuma a wurin da za a ja numfashi. Ga misali don gwaji:

4 3 2 - , 2 3 4 -

Idan mabushi ya buɗe kafar sama alhali ta ƙasa tana toshe, lamba ba za ta wadatar ba. Wajibi ne a zana jerin a cike.

Gargaɗi

Sarewa biyu ba safai suke zama daidai ba, domin kowane mai yi da nasa awo. Don haka a auna tsawon sarewar da tazarar kafofinta da santimita, a rubuta a kan takardar, tare da sunan taken, da na mabushin, da garinsa, da shekara. Haka kuma takarda ba ta koyar da riƙon baki da sarrafa numfashi. Wannan sai a gaban gwani.

Muna kira ga malaman makaranta da duk mai ilmin rubutu da ya nemi dattijon mabushi na garinsu, ya roƙi izininsa, ya sa shi ya busa a hankali, amo bayan amo. In an gama, a busa masa abin da aka rubuta. Idan ya gane takensa, aiki ya yi. Idan bai gane ba, a sake zama a gyara tun yana nan.