Me ake nufi idan aka ce bidiyo ya yi "viral"?

Ko a shagon cajin waya a Gwaram ko a majalisar samari a Birnin Kudu, za ka ji ana cewa "bidiyon nan ya yi bairal". Wasu har tsoron buɗe shi suke, wai kada ya sa wa wayarsu bairos. Kalmomin biyu 'yan gida ɗaya ne, amma aikinsu daban.

Asalin "virus" daga Latin ne, ma'anarsa guba. Likitoci suka ba ƙwayar cutar da ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin mai rai wannan suna, irin ta mura, ƙyanda da shan inna. Daga baya masana kwamfuta suka aro sunan suka laƙaba wa manhajar da ke kwafar kanta daga na'ura zuwa na'ura. Ɗaya daga cikin na farko ita ce Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986.

Ita kuwa "viral" siffa ce, wato abin da ke yaɗuwa irin yaɗuwar ƙwayar cuta. Ka tura wa mutum biyar, kowannensu ya tura wa biyar, zagaye na biyar kaɗai zai kai ga mutum 3,125. Ba gidan rediyo ne ya yaɗa shi ba, mu ne muke harbin juna da shi. Shi ya sa tallan da kamfani ya biya kuɗi aka cusa maka ba bairal ba ne, ko mutum miliyan nawa suka gani. Da Hausa kana iya cewa ya karaɗe gari, ko ya bazu kamar wutar daji. "Yana tashe" ya fi dacewa da abin da ake yayi a yanzu.

Abin lura, kalmar ba ta ce abu gaskiya ne ko yana da kyau ba, saurin tafiyarsa kawai take nunawa. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, amma saƙon ya iso har ƙauyukan Arewa, an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma suka rasu.

Kallon bidiyo a TikTok ko Facebook ba ya sa wa waya bairos. Tarkon yana cikin saƙon da ke cewa "danna nan ka ga bidiyon da kowa ke magana", sannan a ce sai ka sauke wata manhaja ko ka sa lambar sirrinka. A WhatsApp, duba saman saƙon: idan ka ga kibiya biyu, ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso gare ka. Tun Afrilun 2020 kamfanin ya taƙaita irin wannan saƙo, ba a iya tura shi sai wuri ɗaya a lokaci guda.